Idan intanet ya tsaya a biro: bin sawun matsala daga tebur zuwa saba

A ƙananan birori, makarantun koyon kwamfuta da gidajen siber na nan Tawa, tsarin kusan iri ɗaya ne. Layi guda ne ke shigowa: modem mai sim na Airtel, Moov Africa ko Zamani, ko layin Niger Telecom, ko farantin Starlink da wasu suka fara kafawa a kan rufi. Layin ya shiga wata kwamfuta da aka ware, wato saba, mai katin rezo biyu (rezo shi ne haɗin kwamfutoci da juna), ɗaya yana kallon waje, ɗaya yana kallon cikin gida. Daga katin cikin gida kebul ya tafi suwic, akwatin nan mai ramuka da yawa da ke haɗa kwamfutoci, daga suwic kowane tebur ya samu nasa. Ranar da abin ya tsaya, magana ɗaya za ka ji daga bakin kowa: "Malam, babu konekisiyon." Tsakanin teburin mai maganar da shafin da yake son buɗewa kuwa akwai wurare da dama da saƙo ke iya maƙalewa, kowane da irin alamarsa. Aikinka shi ne ka bi su daga kusa zuwa nesa, kana canza abu guda tak kafin kowane gwaji. Wanda ya kashe modem, ya sauya kebul, ya taɓa saitin saba duk a lokaci guda, ko intanet ya dawo bai san me ya gyara ba, jibi abin zai sake samunsa. Ga kuma maganar kaya: idan ka yanke cewa kati ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau, sai an aika Yamai, fiye da kilomita 500 ta Konni da Doso, a jira mota, kayan su zo matsalar na nan daram.

Don misalan da ke tafe, mu ɗauka modem yana da adireshi 192.168.8.1, kamar yadda na Huawei da yawa ke zuwa. Katin waje na saba sunansa enp1s0, na cikin gida enp2s0 mai adireshi 192.168.50.1, sauran kwamfutoci kuma suna karɓar lambobi daga 192.168.50.100 zuwa 200. Ka musanya da naka.

## Kafin ka taɓa komai

Ka fara da tambaya. Su wa abin ya shafa? Idan Hajiya sakatariya kaɗai ke kuka, sauran suna aiki, babu ruwan saba, matsalar tana tebur ɗinta ko kebul ɗinta. Idan ɗaki guda ne, ka nemi ƙaramin suwic ɗin da ke ciyar da ɗakin. Idan kowa ne, ka zauna gaban saba ka buɗe shafi. Ta buɗe? To layin waje lafiya, rabawar ce ta lalace. Ba ta buɗe ba? Ka tsallake zuwa maganar modem.

Sai tambaya ta biyu, wadda ba a son amsawa: me ya canza tun jiya? An ɗauke wuta da dare? An share biro an ja tebura? An sa sabon forfe, ko an canza kamfani? Wani ya zo da rutar Wi-Fi daga gida? Ka yi tambayar cikin raha. Idan mutane suka ji kamar mai laifi ake nema, kowa zai ce bai taɓa komai ba.

## Fitilu, kebul da ƙura

Ka durƙusa ka kalli bayan kwamfutar. Inda kebul ya shiga akwai ƴar fitila, haka ma a gaban suwic. Idan a mace take, babu umarnin da zai taimake ka. Zare kan kebul ɗin ka duba ƴar robar da ke riƙe shi: sau da yawa ta karye, kan yana zaune a ramin amma da an taɓa tebur sai ya ja baya kaɗan, yadda ido ba ya gani. Ka gwada wani rami a suwic, ka gwada kebul ɗin maƙwabci wanda ka tabbatar yana aiki. A Windows na Faransanci, idan ka buga ncpa.cpl a cmd, baƙar tagar rubuta umarni, za ka ga «Câble réseau non connecté» a ƙarƙashin katin.

Kebul ɗin rezo wayoyi takwas ne a ciki. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su, ta 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. Shi ya sa kebul mai waya ɗaya a tsinke kan ci gaba da aiki a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Idan za ka matse sabon kai, jerin da aka fi bi shi ne fari da lemu, lemu, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa, iri ɗaya a kai biyun. Tsawo kada ya wuce mita 100. Wanda aka ja ta waje daga wannan gini zuwa wancan, rana tana cin robarsa, da damina kuma tsawa kan bi shi ta ƙone ramin suwic ko katin saba. In an kwana da hadari aka tashi rami ɗaya ya mutu, ba sai an yi dogon bincike ba.

Abu ɗaya da ido ke kamawa nan take: duk fitilun suwic suna ƙiftawa tare da sauri kamar sun haukace, rezo kuma ya daskare gaba ɗaya. Wani ne ya ga kebul na lilo ya maida shi cikin suwic, alhali ɗaya kan nasa ma a suwic ɗin yake. Saƙonni sai su yi ta kewayawa ba iyaka. Ka riƙa zare kebul ɗaya-ɗaya har fitilun su natsu.

Idan kuma tsayawar ta fi yawa da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, ka taɓa modem da suwic da tafin hannu. Ka buɗe akwatin saba. Bayan hunturu za ka tarar ƙura ta yi tabarma a kan fankar, ja-ja, har tana ɓarewa kamar auduga. Ka kashe, ka zare wuta, ka fitar waje ka hure, kana riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta.

## Wane adireshi kwamfutar ta samu

Fitila na ci, to ka buɗe cmd a kwamfutar mai kuka ka buga:

ipconfig /all

Layuka huɗu za ka karanta: «Adresse IPv4», «Passerelle par défaut», «Serveur DHCP» da «Serveurs DNS». A misalinmu ya kamata na farko ya fara da 192.168.50, sauran ukun su nuna 192.168.50.1.

Idan ka ga adireshi mai farawa da 169.254, kwamfutar ta nemi lamba babu wanda ya amsa, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ke nan mai rabon lambobi, DHCP, ba ya aiki ko kiran bai kai gare shi ba. A sabar Linux mai dnsmasq, shirin da ke raba lambobi yana kuma fassara sunayen shafuka, ka duba:

systemctl status dnsmasq
journalctl -u dnsmasq -n 40

Kurakurai biyu sun fi fitowa. Na farko, wani shiri ya riga shi kama ƙofa ta 53, wadda ake tambayar sunayen shafuka ta cikinta, a Ubuntu galibi systemd-resolved ne. Na biyu, dnsmasq ya tashi kafin katin cikin gida ya samu adireshinsa. Maganin duka biyun kan zama layuka biyu a /etc/dnsmasq.conf, wato interface=enp2s0 da bind-dynamic. Akwai na uku da ya yi yawa tun da wayoyi suka cika birori: lambobin sun ƙare. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye ainihin lambar katinsu su nuna ta aro, waya ɗaya tana iya cin lamba fiye da ɗaya. Ka ƙirga layukan /var/lib/misc/dnsmasq.leases. In sun cika, ka faɗaɗa tazarar, ka rage wa'adin aro zuwa awa 12 ko ƙasa.

Amma abin da ya fi wahalar da mutane shi ne kwamfuta ta samu adireshi mai kyan gani wanda ba na gida ba. Na taɓa tarar da haka a wani biro: rabin ma'aikata na aiki, rabi na zaune, kuma kullum waɗanda abin ke shafa canzawa suke yi. Kwamfutocin da suka tsaya duk 192.168.0 ne farkon lambarsu, «Serveur DHCP» kuma 192.168.0.1. A ɗakin taro, bayan kabad, wata ƴar rutar TP-Link ce da aka sayo don wayoyi, an cusa kebul ɗin biro a ɗaya daga ramukanta na LAN ba a kashe nata DHCP ba. Duk kwamfutar da ta tashi da safe, wanda ya riga amsawa tsakanin saba da rutar shi ke ba ta lamba, rutar kuma ba ta da hanyar fita. In ka ga irin wannan, buga arp -a ka ga lambar katin da ke bayan adireshin, ka bi kebul har ka iske na'urar. Ka shiga shafinta ka kashe DHCP, ka ba ta tsayayyen adireshi a wajen tazarar rabo, misali 192.168.50.2, ka bar kebul a ramin LAN. Sannan a kowace kwamfuta:

ipconfig /release
ipconfig /renew

Ka kuma lura da kwamfutocin da wani ya taɓa sa wa adireshi da hannu shekarun baya, musamman na'urar buga takardu. Idan lambarta na cikin tazarar da saba ke rabawa, wata rana za a ba wani ita, su biyun su riƙa yankewa.

## Tsani huɗu na ping

Ping umarni ne da ke aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ya jira amsa. Daga kwamfutar mai matsala, a jere:

ping 192.168.50.1
ping 192.168.8.1
ping 1.1.1.1
ping wikipedia.org

Inda tsanin ya karye, nan aikin yake. Na farko ya faɗi: tsakanin tebur da saba ne. Sai dai a kula, bangon wutar Windows, wato shirin tsaron da ke tace saƙonni, ba ya amsa ping sai an ba shi izini, saboda haka idan sabar Windows ce shirun ba hujja ba ne. Ka buga arp -a, in adireshin saba ya fito da lambar kati a gefensa, suna ganin juna. Na farko ya wuce, na biyu ya faɗi: saba ba ta miƙa saƙo daga wannan kati zuwa wancan. Biyun farko sun wuce, na uku ya faɗi: modem ne ko kamfani. Uku sun wuce, na huɗu ya ce bai san sunan ba: DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi.

Amsoshin ma suna da bambanci. «Impossible de joindre l'hôte de destination» na nufin wata na'ura ta kusa ta ce ba ta san hanya ba, kuma adireshin da ke farkon layin shi ne mai maganar. «Délai d'attente de la demande dépassé» kuwa saƙo ya tafi, amsa ce ba ta dawo ba.

## Cikin saba

A nan ne mafi yawan matsalolin da ke biyo bayan ɗauke wuta suke kwance, don haka zan ɗan jima.

Adireshin da ke farawa da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne, intanet bai san su ba. Abin da saba ke yi ya yi kama da akwatin gidan waya guda da ma'aikata gaba ɗaya ke amfani da shi: kowace wasiƙa ta fita da lambar akwatin, amsa ta dawo akwatin, mai riƙe da makulli ya duba littafinsa ya miƙa wa mai ita. Wannan shi ne NAT. Kafin ya yi aiki a Linux, abu uku dole su cika.

Na ɗaya, izinin miƙawa:

cat /proc/sys/net/ipv4/ip_forward

Idan ya nuna 0, ka gano ɓarawon. Mutane da yawa suna kunna shi da umarni ɗaya, abin ya yi aiki wata da watanni, ranar da wuta ta ɗauke saba ta sake tashi sai ya koma 0. Ka buɗe fayil /etc/sysctl.d/99-raba.conf, ka rubuta net.ipv4.ip_forward=1 a ciki, ka buga sysctl --system.

Na biyu, dokar sauya adireshi:

iptables -t nat -L POSTROUTING -n -v

Ka nemi layi mai MASQUERADE, ka dubi sunan katin da ke jikinsa da kuma ƙidayar da ke farkon layin. Ka sa wani ya buɗe sabon shafi daga tebur, ka sake buga umarnin. Ƙidayar ba ta motsa ba, to dokar ba ta kama komai. Sau da yawa sunan kati ne ya canza: an maida katin wani rami a cikin akwati, ko an sauya modem na USB ya zo da sabon suna. Umarnin ip -br addr zai nuna maka sunayen yanzu. In babu dokar sam:

iptables -t nat -A POSTROUTING -s 192.168.50.0/24 -o enp1s0 -j MASQUERADE

Ita ma ba ta tsallake kashe wuta sai ka adana. A Debian da Ubuntu ka saka iptables-persistent, ka buga netfilter-persistent save.

Na uku, bangon wuta ya bar saƙo ya ratsa. Umarnin iptables -L FORWARD -n -v zai nuna ko dokar asali DROP ce. Idan an kunna ufw, shi da kansa yana hana ratsawa sai ka ce masa ufw route allow in on enp2s0 out on enp1s0. Shirin Docker ma, ranar da aka saka shi a kan saba, yana maida FORWARD zuwa DROP ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Ni dai ra'ayina, kwamfutar da ke raba intanet a bar ta da aikinta, kada ta zama wurin gwajin ɗalibai ko wurin kallon ƙwallo.

Sai ka buga ip route. Layi mai farawa da default ɗaya ya kamata ka gani, yana nuna 192.168.8.1 ta katin waje. Katin cikin gida ba a sa masa ƙofar fita, wato «Passerelle par défaut», ko a Linux ko a Windows. Ka kuma tabbatar katunan biyu ba su cikin dangin lamba ɗaya. Wannan yakan faru ranar da aka canza kamfani: rezon gida 192.168.1 ne tun asali, sabuwar rutar, kamar ta Starlink, ita ma ta zo da 192.168.1.1. Saba sai ta rasa ta wane kati za ta aika. Ka canza ɓangare ɗaya, shi ya sa tun farko nake zaɓar lamba irin 50 da ba kasafai na'ura ke zuwa da ita ba.

In har yanzu ba ka gane ba, ka saurari katunan da kunnenka. Ka bar ping 1.1.1.1 -t yana tafiya a tebur, a saba ka buga tcpdump -ni enp2s0 icmp, sannan tcpdump -ni enp1s0 icmp. Saƙo ya shigo ta na farko bai fita ta na biyu ba: miƙawa ce ko bango. Ya fita amma da adireshin 192.168.50: NAT bai kama ba. Ya fita da adireshin saba amsa ba ta dawo ba: matsalar ta wuce saba, tana wajen modem ko kamfani.

Idan Windows ce ke rabawa ta «Partage de connexion Internet», ka san cewa ita ke zaɓar wa katin cikin gida lamba, 192.168.137.1, tun daga Windows 7. Wanda ya canza wannan da hannu yakan karya rabon. A Windows 10 kuma akwai sanannen ciwo: bayan an sake kunnawa, alamar rabawa na nan amma komai ba ya wucewa. Na gaggawa, ka buɗe ncpa.cpl, ka shiga «Propriétés» na katin waje, shafin «Partage», ka cire alamar ka maida. Na dindindin, a regedit ka je HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\SharedAccess, ka ƙirƙiri DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection da daraja 1, a services.msc kuma ka maida tashin hidimar rabawar «Automatique». A Windows Server, hidimar «Routage et accès distant» ce za ka duba, ka tabbatar katin waje ne aka yi wa alamar na jama'a a ƙarƙashin NAT.

## Sunaye, agogo da wakili

WhatsApp na tafiya, ping 1.1.1.1 na amsawa, shafuka sun ƙi buɗewa. Ka gwada:

nslookup wikipedia.org
nslookup wikipedia.org 8.8.8.8

Na biyu ya amsa, na farko ya yi shiru, to mai fassara sunaye na saba ne, ko wanda yake tambaya a sama. Ka ƙara server=1.1.1.1 da server=8.8.8.8 a dnsmasq.conf, ka sake tada shi, a tebur ka buga ipconfig /flushdns.

Idan burauza tana cewa «Votre connexion n'est pas privée» a kusan kowane shafi, ka kalli agogon ƙasan allo kafin komai. Tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu, ƴar batir ɗinsu mai kama da kwabo, CR2032, ta daɗe da mutuwa. Da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaidar shafuka kuma su zama kamar ba su fara aiki ba. Ka sauya batir, ka saita yankin lokaci a UTC+1, irin na Nijar.

Wasu makarantu ba sa NAT, ta wakili suke bi, wato shirin da ke kan saba yana ɗauko shafuka a madadin tebura, galibi Squid a ƙofa ta 3128. A irin wannan tsari ping zuwa waje ba zai taɓa wucewa ba, kuma daidai ne. Abin dubawa shi ne saitin wakili a burauza, sannan a PowerShell:

Test-NetConnection 192.168.50.1 -Port 3128

A saba ka bar tail -f /var/log/squid/access.log a buɗe ka sa a gwada. TCP_DENIED/403 na nufin Squid ya ji kiran ya ƙi: ko dangin lambobinku ba ya cikin acl localnet, ko layin da ke ba da izini ya zo bayan http_access deny all, domin daga sama yake karantawa ya tsaya a dokar farko da ta dace. In Squid ya mutu gaba ɗaya, df -h tukuna, ka ga wurin da ya rage a faifai. Faifai kan cika da rajista. Akwai kuma juyin wannan: kwamfutar tafi-da-gidanka da ta je wani taro ta dawo da saitin wakilin can, tana ta neman sabar da babu ita a nan.

## Wasu shafuka na buɗewa, wasu na rataye

Wannan ya fi zuwa a layin da ke shiga da PPPoE, wato irin wanda kamfani ke ba suna da kalmar sirri kafin ya haɗu. Ƙaramin shafi ya buɗe, babba ya tsaya rabi, wasiƙa mai ɗauke da fayil ta ƙi tafiya. Girman ƙunshin saƙo a kebul bayit 1500 ne, PPPoE yana cin 8 ya bar 1492. Gwaji daga Windows:

ping 1.1.1.1 -f -l 1472

In ya ce sai an gutsura ƙunshin, ko ya yi shiru alhali ping na kullum na wucewa, ka riƙa rage lambar har ya wuce, ka ƙara 28, wannan ne ainihin girman hanyar. Maimakon bin kowane tebur, ka gyara a saba:

iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu

## Modem da abin da ke bayansa

Saba da kanta ba ta fita. Ka zare kebul ɗin modem daga gare ta ka cusa a wata kwamfuta kai tsaye. Nan ma babu, to saba ta fita daga zargi. Ka buɗe shafin modem a burauza ka karanta saƙonnin da suka shigo sim ɗin. Forfe ya ƙare ko wa'adinsa ya wuce, fitilar modem kuwa tana nan tana ci kamar komai lafiya. Abin kunya ne a kwashe safiya ana tonon iptables a kan kiredin da bai shiga ba. Ka duba ƙarfin sigina, ka duba ko ya sauka daga 4G, ka matsar da modem kusa da taga.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin kowa a garin. Nijar ba ta da teku, hanyarta zuwa manyan kebul na ƙarƙashin ruwa ta ƙasashen maƙwabta take bi. Ranar 14 ga Maris 2024, da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun kwana cikin wahala. Ka gwada wayarka da layin wani kamfani, ka tambayi maƙwabta. Idan za ka kira kamfani, ka riƙe sakamakon tracert 1.1.1.1 a hannu. "Saƙo yana wuce modem ya mutu a mataki na uku tun ƙarfe tara" ya fi saurin samun amsa a kan "ba ya aiki".

Intanet mai rarrafe kuwa galibi a cikin gida ake cinye shi. A saba, iftop -i enp2s0 zai jera maka wa ke jan me. Kada ka yi mamaki in ka ga kwamfutar da babu kowa a gabanta ce ke sauke sabuntawar Windows, ko wayoyin unguwa da suka samu kalmar sirrin Wi-Fi ta hannun yaron da ke kawo shayi. Ka sa «Connexion limitée» a kwamfutocin, ka canza kalmar sirri, ka bar manyan saukewa sai bayan an tashi aiki.

## Gwajin ƙarshe

Gyara bai kammala ba sai ya tsallake ɗauke wuta. Bayan kowa ya adana aikinsa, ka kashe komai da kyau, ka kunna a jere: modem, a jira fitilunsa su zauna, sai saba, sai suwic, sai tebura. Ka sake hawa tsanin ping ba tare da ka buga wani umarnin gyara ba. Modem, saba da suwic su hau ondiler ɗaya, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin a lokacin sauyawa daga kuran zuwa gurup ƴan daƙiƙoƙin nan sun isa su kashe ɗaya su bar biyu. A BIOS ka kunna tashi da kai idan wuta ta dawo, Dell na kiran saitin AC Recovery, HP kuma After Power Loss, don kada biro ya zauna jiran mai danna maɓalli.

Sannan ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane kati da adireshinsa, tazarar DHCP, lambobin da aka ware wa na'urar buga takardu da rutar Wi-Fi, lambar sim ɗin modem da ranar ƙarewar forfe. Ka liƙa a jikin akwatin saba. Kebul biyun da ke bayanta ka ɗaura musu salatif, ɗaya ka rubuta "waje", ɗaya "gida". Kalmomin sirri kuwa ban da su a takardar, ka sa su a ambulan ka ba shugaban biro ya ajiye.